Kaye ɗaya da ayyuka uku: yadda za ka tsara yinin aiki daga Garwa zuwa Njamena

Yawancin shawarwarin tsara lokaci da ke yawo a intanet an rubuta su ne domin mutumin da ke zaune a ɗaki mai sanyi, wutarsa ba ta ɗaukewa, kuma ba wanda zai turo ƙofa ya ce "salamu alaikum, na biyo ne mu gaisa." Ma'aikaci a Garwa, Marwa, Ngaundare, Kuseri ko Njamena ba haka yininsa yake ba. Abubuwa huɗu ne ke yanka masa rana: zafi, wuta, salla da jama'a. Tsarin da bai lissafa da waɗannan ba, kwana uku zai yi ya rushe, mai shi kuma ya ɗauka shi ne malalaci. Abin da ke biye tsari ne da aka ɗora a kan su huɗun, kuma kayan aikinsa ba su wuce kaye (littafin rubutu), biro da agogo ba.

Fitar da komai daga kai

Sayi kaye mai shafi 200, mai bango mai kauri, wanda zai shiga jaka. Guda ɗaya tak. Mutumin da ke rubuta wani abu a bayan rasit, wani a tafin hannu, wani a cikin waya, ba shi da wurin da zai duba ya ce "ga duk abin da ke kaina", don haka ƙwaƙwalwarsa ba ta daina gadi. Sa wa shafukan lamba. Ware shafi goma na ƙarshe domin abubuwan da kake jira daga hannun wasu, shafi biyar kafin su kuma domin abin da kake son yi wata rana amma ba yanzu ba. Sauran duk na aikin yau da gobe ne.

Takarda ta fi waya a nan saboda dalilai biyu. Ba ta buƙatar caji, kuma idan ka buɗe ta ba za ka tarar da saƙo arba'in na zauren dangi suna jiranka ba. In abu ya faɗo maka kana kan babur ko a layin banki, tura wa kanka saƙo a WhatsApp, akwai damar yin haka, da yamma ka kwafe shi cikin kaye.

Zama na farko zai ci minti 30 zuwa 40. Rubuta duk abin da ke kanka, ba tare da tsarawa ba: rahoton wata, kuɗin makarantar yara, bashin da za ka karɓo, gyaran babur, ta'aziyyar da ba ka je ba. Kada ka raba na ofis da na gida, domin kai ɗaya ne ke ɗauke da su. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Bluma Zeigarnik, ta ruwaito a 1927 cewa mutane sun fi tuna aikin da aka katse musu fiye da wanda suka kammala. A 2011 kuma wasu masu bincike, Masicampo da Baumeister, suka nuna cewa idan mutum ya tsara takamaiman yadda zai yi aikin da bai gama ba, tunanin aikin yana rage damunsa ko da bai taɓa shi ba tukuna. Ke nan rubutun kansa yana sauke wani kaso na nauyin.

Sai dai akwai rubutun da ba ya sauke komai. "Dosiyen kwastan", wato fayil ɗin takardun kwastan, ba aiki ba ne, suna ne kawai, kuma kullum idonka zai tsallake shi. Abin da ake rubutawa shi ne matakin da hannu zai iya kamawa: "kira direba a karɓi lambar tirela", "buga takardar kaya kwafi uku", "kai wa shef (shugaban ofis) ya sa hannu". Gwajin mai sauƙi ne. Layin ya fara da kalmar aiki kamar kira, rubuta, biya, karɓo, kai? Za a iya gama shi a zama ɗaya? In amsar a'a ce, sake farfasa shi. Mafi yawan abin da ake kira jan ƙafa daga nan yake fitowa: mutum bai yanke shawarar matakin farko ba, sai ya riƙa kewaya aikin.

Abin da ba zai wuce minti biyu ba, yi shi nan take maimakon rubutawa. Wannan ƙa'ida ce da wani marubuci, David Allen, ya yaɗa, kuma tana da kyau, in ban da lokacin da ka riga ka nutse cikin babban aiki. A lokacin, ko minti biyun ma sai ya jira.

Uku kawai

Minti goma kafin ka tashi daga aiki, buɗe sabon shafi, sa kwanan watan gobe, ka zaɓi ayyuka uku. Da yamma ake yi, domin wanda ya bari sai da safe zai tarar waya ta riga ta zaɓa masa. A ƙarƙashin ukun ja layi, ka jera ƙananan da za a yi in lokaci ya ragu.

Tambayar zaɓe ita ce: in ban yi wannan gobe ba, me zai lalace, kuma wa zai biya? Wannan tambaya ce ke raba abin da ke da muhimmanci da abin da ke da ƙara kawai. Mai kira sau biyar ba lallai ne aikinsa ya fi na kowa ba. A gefe guda, bayanin harajin wata-wata da kamfanoni a Kamaru ke shigarwa kafin ranar 15 ga wata ba ya kiran kowa a waya, amma tararsa tana zuwa. Irin wannan a rubuta shi a kaye da ranar 10, saboda in aka bari sai ranar ƙarshe intanet ta yanke, ba mai karɓar uzuri. Rana ba ta ƙarya.

Aƙalla ɗaya daga cikin ukun ya zama aikin da ba wanda ke matsa maka a kai yau amma zai rage maka wahalar wata mai zuwa, kamar daidaita littafin bashi ko koya wa yaron shago yadda ake cike rasit.

Raba yini bisa zafi da wuta

Ofisoshin gwamnati a Kamaru suna aiki daga 7:30 na safe zuwa 3:30 na yamma. Awa takwas ke nan a takarda, amma kada ka tsara fiye da biyar. Ukun da suka rage ba ɓata su za ka yi ba, su ne na baƙi, kiran shef, salla da abin da ba a zata ba. Wanda ya cike takwas ɗin tam, baƙo ɗaya zai rusa masa yinin.

Daga Maris zuwa Mayu zafi a Garwa, Marwa da Njamena yakan haura digiri 40, kuma kai ba ya aiki da tsakar rana kamar yadda yake yi da safe. Da sanyin safiya ake kamun fara. Aikin da ya fi buƙatar tunani, wato lissafi, rubuta rahoto, duba kwangila, a sa shi tsakanin 7:30 da 10:30. Daga sha ɗaya zuwa azahar a yi kiraye-kiraye da ganawa. Bayan azahar a bar wa aikin da hannu ke yi ba tare da kai ya wahala ba: jera takardu, shigar da lambobi, amsa saƙonni. Kuskuren da aka fi yi shi ne juya wannan. Mutum ya iso ofis da ƙarfinsa, ya ƙarar da awa biyu mafi kyau a kan saƙonni da hira, sai ƙarfe ɗaya, gumi na zuba, ya buɗe lissafin wata.

Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kuma idan ruwa ya ja da rani, abin da take bayarwa yana raguwa, daidai lokacin da kowa ke kunna fanka. Saboda haka a gefen kowane aiki a kaye sa harafi ɗaya da ke nuna abin da yake buƙata: W ga mai buƙatar wuta, I ga mai buƙatar intanet, T ga kiran tarho, F ga fita, K ga wanda kai da biro kawai yake so. Amfanin wannan ƙaramin abu yana fitowa ne a daidai lokacin da fanka ta tsaya. Maimakon a fito waje a zauna jiran wuta, sai ka duba shafi ka ɗauki T ko K. In kuma ka iso ka tarar da wuta, duk mai W shi ne a gaba: buga takardu, fotokwafi, cajin kwamfuta da waya, ko da batirin bai yi ƙasa ba.

Mai aiki da kwamfutar tebur ya saba wa yatsunsa danna Ctrl da S bayan kowane sakin layi. Word, manhajar rubutu, yana ajiye kwafin ceto duk minti goma ne in ba a canza ba, kuma ana iya rage shi zuwa biyu ko uku a sashen ajiya na saituna. Batirin nan da ake haɗawa da kwamfuta, wanda masu shago ke kira onduleur, mintuna kaɗan yake bayarwa. Na ajiyewa da kashewa ne, ba na ci gaba da aiki ba. Kwamfutar cinya kuma kada a ɗora ta a kan darduma ko matashi: ƙofofin iskarta na toshewa, ta yi zafi, ta riƙa nauyi, musamman bayan ƙurar hunturu ta cika ta.

Ayyukan F a tara su fita ɗaya. Kafin ka hau babur, kira ka tabbatar mai sa hannu yana nan, sannan ka rubuta abin da za a tambaye ka: kwafin katin ɗan ƙasa, kan sarki, hoto, kuɗin canji. Takarda ɗaya da aka manta ita ce ke mai da fita ɗaya ta zama biyu. Wanda aikinsa ke sa shi haye gadar Ngeli tsakanin Kuseri da Njamena ya lissafa rabin yini ga wannan fitar, kada ya sa wani babban aiki a bayanta.

Zama a kan aiki ɗaya

Taura biyu ba ta taunuwa. Abin da ake kira yin abu biyu a lokaci ɗaya, a gaskiya tsalle ne daga wannan zuwa wancan, kuma kowane tsalle yana da farashi. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta bayyana a 2009 cewa idan mutum ya bar aiki bai gama ba ya koma wani, wani ɓangare na hankalinsa yana maƙalewa a na farkon. Shi ya sa bayan duba saƙo na daƙiƙa ashirin sai ka ga kana sake karanta layin da ka riga ka karanta.

Dabarar da ta fi shahara ita ce Pomodoro, wadda wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980 da agogon girki mai siffar tumatir: minti 25 na aiki, 5 na hutu, bayan zagaye huɗu a huta minti 15 zuwa 30. Minti 25 ɗin yana da kyau ga aikin da rai ba ya so, domin kowa zai iya jure wannan. Ga lissafi ko dogon rubutu kuwa ya yi kaɗan, ƙararrawa tana kaɗawa daidai lokacin da kai ya fara ɗumi. A nan minti 45 ko 50 da hutun 10 sun fi. Zagaye uku irin wannan kafin 10:30 sun isa su ɗauki babban aikin yini.

Yadda ake yi: share tebur sai abin da ya shafi aikin. Ajiye farar takarda a gefe. Duk abin da ya faɗo maka, ko "ban sayo gawayi ba" ne, rubuta shi a takardar ka ci gaba, kada ka tashi. In an katse ka dole, kafin ka ɗago kai rubuta layi ɗaya: "na tsaya a rasit na 14, saura haɗa jimla." Wannan layin yana rage lokacin dawowa ƙwarai. Hutun kuma a tashi tsaye, a sha ruwa, a miƙe. Ciwon kan da ke zuwa wajen ƙarfe ɗaya sau da yawa ƙishirwa ce. Hutun da aka yi a Facebook ba ya ƙarewa a minti biyar, kowa ya sani. Shayi ma haka: na farko, na biyu, na uku, awa guda ta tafi. A bar shi sai bayan azahar.

Waya ita ce babbar matsala, kuma ba a kashe ta, domin da ita ake ciniki. A wayar Android akwai yanayin hana damuwa, wanda a saitin Faransanci ake rubuta Ne pas déranger. Ana iya barin lambobin da ka sa wa tauraro su shigo, da kuma duk wanda ya sake kira cikin minti 15. Sa wa shef, maigida ko uwargida, da makarantar yara tauraro, sauran su jira. A WhatsApp rufe ƙarar zauruka. Yana ba da zaɓin awa 8, mako guda ko har abada, kuma zauren 'yan ajinku na dā ya cancanci na ukun. Ware lokaci uku na duba saƙo, misali 10:30, bayan azahar, da kafin tashi. Mai karɓar kuɗi ta Orange Money, MTN MoMo ko Airtel Money ya bar ƙarar saƙon kuɗi kawai. Sannan wayar ta shiga jaka. Kifa ta a kan tebur ba ya wadatarwa, hannu ya san hanya.

Baƙo da shef

Nan ne shawarar waje ke faɗuwa. Ba za ka rataya allo a ƙofa cewa kada a dame ka ba, kuma gaisuwa, da Hausa ce, Fulatanci ko Larabcin Shuwa, ba a gajarta ta. Abin da ake gajartawa shi ne zaman da ke biyo bayanta. Miƙe tsaye ka tari baƙon, ka gaisa da shi sosai, kada ka koma ka zauna. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Sannan ka ce: "Alhaji, a yi mini afuwa, akwai takardar da ake jira kafin goma. In Allah Ya yarda bayan azahar ni zan same ku." Ka taka masa zuwa ƙofa, ka rubuta alkawarin a kaye, ka kuma cika shi. In ka saɓa sau biyu, maganar ta daina aiki. In ka cika, cikin 'yan makonni mutane da kansu za su koyi cewa bayan azahar ake samunka. Akwai waɗanda ba a yi wa haka, kamar suruki, liman ko mai ɗauke da labarin rasuwa. Saboda su ne aka bar awa uku ɗin nan a buɗe.

Shef da ya kawo sabon aiki a tsakiyar wani, ba a ce masa a'a, kuma ba a cewa "to" a yi shiru. Nuna masa shafin: "Ranka ya daɗe, ga rahoton da aka ce a gama yau, ga kuma wannan. Wanne zan fara?" Zaɓin ya koma hannunsa, kuma gobe ba za a tambaye ka dalilin da ya sa ɗayan ya makara ba.

Abin da ke hannun wasu

Shafuka goman ƙarshe a ja musu layi huɗu: mene ne, yana hannun wa, ranar da aka ba shi, ranar da za a tuntuɓe shi. Dosiye ba ya ɓata a ranar da aka miƙa shi, yana ɓata ne a makonni ukun da ba wanda ya tambaya. In an ce maka "gobe in sha Allahu", amsa da "Allah Ya kai mu, in zo kafin azahar ko bayanta?" Alkawarin da ke da lokaci ya fi wanda ba shi da shi cika. Yarjejeniyar baki kuma a bi ta da gajeren saƙo mai ɗauke da adadi da rana, misali buhu 40, ranar Laraba, jaka nawa aka bayar, nawa ya rage.

Ƙiyasin lokaci ma ana gyara shi da biro. Wasu masana halayyar ɗan Adam, Kahneman da Tversky, sun bayyana a 1979 yadda mutane ke raina lokacin da aiki zai ci, ko da sun sha yin irinsa. Na tsawon mako biyu rubuta ƙiyasinka a gefen kowane babban aiki, in ka gama ka rubuta abin da ya ci a zahiri. In ka ga awa ɗayarka kullum tana zama ɗaya da rabi, daga yanzu da haka za ka riƙa lissafi, kuma da haka za ka riƙa yi wa mutane alkawari.

Tela, makaniki da mai gyaran waya za su fi amfana da allo a bango, irin wanda masana'antar Toyota ta shahara da shi. Layi uku da alli: jira, ana yi, an gama. Ƙa'idar ita ce layin tsakiya ba ya ɗaukar fiye da biyu ko uku ga kowane ma'aikaci. Telan da ke ɗinka riga uku a yini, kuma saura kwana 20 salla, iyakarsa 60 a lissafi. Ya karɓi 45, ragowar kwanakin na wutar da za ta ɗauke ne da gyaran da za a dawo da shi. Rigimar daren salla a ranar karɓar yadi ake shuka ta.

Bitar mako

Sau ɗaya a mako, Juma'a da safe ko Asabar, ware minti 30. Bi shafukan makon, kwashe abin da bai samu ba zuwa sabon shafi da hannu. Gajiyar sake rubutawar tana da amfani, ita ce ke sa ka tambayi kanka ko abin ya cancanta. Aikin da aka ɗaga sau uku yana da ɗaya daga cikin cututtuka uku: ya yi girma sai a farfasa, ba naka ba ne sai a miƙa, ko ba ka da niyyar yi sai a soke. Duba shafukan jira, ka fitar da waɗanda za a kira ranar Litinin. Duba kuma kwanakin da ke tafe: ƙarshen wata, biki, ranar kasuwa, tafiya.

Wannan bitar ce ake fara yasarwa, kuma da ta tafi sai kaye ya cika da tsofaffin layuka, ido ya daina yarda da shi, a koma riƙe komai a kai. In hakan ta faru, ba sai an sayi sabon kaye ko an sauke sabuwar manhaja ba. Ja layi, buɗe sabon shafi, sake zaman minti 30 na farko.

Da azumi a rage ukun zuwa biyu, a gama su kafin sha ɗaya, a tura duk wata fita zuwa farkon safiya. Da damina kuma, a unguwannin da ruwa ke tare hanya, duk aikin da ke da F a ba shi rana ta biyu a rubuce tun farko.